Ku Tambaya Mu Amsa: Ruwan da ke kwana a gona da cikin unguwa

Tun da malka ta kankama wasiƙun da ke zuwa wa wannan fili suka koma magana ɗaya, wato ruwan da ya kwanta ya ƙi tafiya. Mun tsamo guda shida daga ciki muka miƙa wa injiniyoyin ruwa da malaman gona da ke amsa tambayoyin wannan shafi.

Assalamu alaikum. Ina da gona kadada ɗaya a fadamar Wurno, rabi masara rabi shinkafa. Duk Agusta ruwa na kwanciya a gefen masarar har mako guda, ganye ya yi ɗorawa. Bara na sa an haƙa mini lambatu a tsakiyar gonar, ya cika ya tsaya cik, bai kai ruwan ko'ina ba. Me zan yi? (Wani manomi daga Wurno)

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sake biyan masu haƙa, ka fara gano daga ina ruwan yake zuwa, domin ruwan da ke kwanciya a fadama iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na sama wanda ya sauka a gonarka ƙasa ta kasa shanye shi. Akwai na gulbi wanda ya tsallako gaɓa. Akwai kuma na ƙarƙashin ƙasa wanda ya taso har ya kai saiwa, kuma shi ne ya fi yaudarar manoma saboda ba a ganin zuwansa.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ka haƙa ramuka uku masu zurfin mita ɗaya, ɗaya a wurin da ya fi kwari, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gefen tudu, ka rufe bakinsu da kwano kada ruwan sama ya shiga. Washegari ka duba. Idan saman gona na da ruwa amma ramin ya kwana a bushe, laka ce ta toshe, ruwan sama ne ya rasa hanya. Idan ramin ya tsattsafo ruwa daga ƙasa ya tsaya a wani mataki, ka auna daga bakin ramin zuwa kan ruwan. In bai kai rabin mita ba, saiwar masararka cikin ruwa take ko da ka ga saman gonar ya tsane. Ka kuma dubi ƙasar da ka fitar: in ta yi launin toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, ko tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wurin ya saba daɗewa cikin ruwa shekara da shekaru.

Abin da ke kashe masarar rashin iska ne. Saiwa na numfashi, kuma iskar oksijin na ratsa ruwa a hankali sau wajen 10,000 fiye da yadda take ratsa sarari. Masara ƙarama kwana biyu zuwa huɗu take iya jurewa, tumatir da albasa ba su kai haka ba. Ɗorawar ganyen da kake gani daga ƙasa kuwa, takin naitirojin ne ya gudu, wani ya bi ruwa wani ya tashi iska. Kada ka watsa yuriya cikin ruwan, asara ce. Ka bari ƙasa ta tsane har ƙafa ta daina nutsewa, sannan ka ƙara kaɗan a gindin shuka.

Shi kuma lambatun naka, mun fi zaton ba shi da mafita ko ba shi da gangara. Lambatun da ba shi da inda zai zubar ai tafki ne mai tsawo. Daga mafita ake fara haƙa, a yi sama, ba daga tsakiyar gona ba. Ka nemi inda ruwan zai faɗa, ko rafi ko babbar magudana, ka tabbatar ya fi gindin lambatun ƙasa a lokacin da gulbi ya cika, ba a lokacin rani ba. Don awon gangara, tiyon magina mai haske da ake cika wa ruwa ya wadatar: ka kafa turaku duk bayan mita 20, ka sa kowane gindi ya sauka santimita 2 zuwa 4 ƙasa da na bayansa, wato santimita 10 zuwa 20 a cikin mita 100. In gangarar ba ta kai haka ba ruwa zai yi barci laka ta kwanta, in ta yi yawa kuma zai riƙa cin gindin lambatun. Ƙananan lambatu na cikin gona zurfin santimita 30 zuwa 50 ya isa, tazararsu mita 20 zuwa 30 a ƙasar laka. Kada a sare bangon a tsaye kamar kabari, a kwantar da shi: a laka, in zurfi taku ɗaya ne a buɗe taku ɗaya kowane gefe, a ƙasa mai yashi taku biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara ƙasar da aka haƙo a bakin lambatun gefe da gefe, sai ta zama jinga ta hana ruwan gonar shiga. A baza ta a wuraren da suka yi kwari. Masarar kuma a kan kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30 za a shuka ta, kwarin kunyoyin ya fuskanci lambatu.

Wasu za su ce ka sa inji kawai. Ga lissafinsa: ruwan sama milimita 1 a kadada ɗaya lita 10,000 ne. In aka yi ruwan milimita 60 a dare guda, lita 600,000 ke nan, durom 3,000. Injin inci uku in yana fitar da lita 40,000 a awa, sai ya yi awa 15 yana shan mai, wannan ma in ruwan maƙwabta ba ya gangarowa. In kuwa na ƙarƙashin ƙasa ne, kana zuƙa yana dawowa. Idan ramukan uku duk sun nuna ruwa kusa da baki kuma babu mafita mai gangara, shawararmu ka daina faɗa da wurin, ka mai da shi shinkafa gaba ɗaya da damina, masarar ta koma jigawa ko ta jira rani.

Malamai, ni ɗaliba ce a fannin nazarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. An ba ni aikin kwaikwayon ambaliyar gulbin Rima a kwamfuta, daga Goronyo zuwa Wamakko. Na sauke manhaja na samu taswira mai kyau, amma ta nuna ruwa ya hau wuraren da ban taɓa jin ya hau ba. Ina kuskuren yake?

Ɗiyata, kin yi sa'a da kika yi shakkar taswirar, da yawa kyawun launi ke ruɗinsu su miƙa ta haka. Kwamfuta ba ta san Rima ba, abin da kika ba ta shi take juyawa.

Aikin hawa biyu ne. Na farko shi ne sanin yawan ruwan da zai shigo gulbi in an yi ruwan sama kaza, nan ake amfani da manhajar HEC-HMS ko SWAT. Na biyu shi ne sanin inda wannan ruwan zai bazu da zurfinsa, nan ne aikin HEC-RAS, wadda tun 2016 take iya kwaikwayon bazuwar ruwa a fili ba bin tsawon gulbi kaɗai ba. HEC-HMS da HEC-RAS injiniyoyin sojan Amurka ne suka ƙera su kuma kyauta ake sauke su, haka ma QGIS da za ki shirya taswirori da ita. A wurinki hawan farko ya ɗan yi sauƙi ta wani gefen, domin ruwan da ke shiga yankinki daga sama shi ne wanda madatsar Goronyo ta saki. Ki rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima ki nemi bayanan sakin ruwa na kullum, shi ne zai zama bakin shigar ruwanki. In kuma aka ce ki haɗa da abin da ke bayan madatsar, ki tuna cewa Rima na karɓar Bunsuru da Gagere, da gulbin Maraɗi wanda ke ratsa Jamhuriyar Nijar kafin ya dawo. Ruwan da ya sauka a Katsina da Zamfara da Maraɗi shi ke cika Goronyo, ko da Sakkwato ba ta ga hadari ba. Inda babu ma'aunin ruwan sama, bayanan CHIRPS na tauraron ɗan'adam sun faro daga 1981, sai ki gwada su da na tashar hukumar yanayi ta NiMet ki ga bambancinsu.

Mun fi zargin taswirar tudu da kwari da kika ɗora. Wadda aka fi saukewa, SRTM, a shekarar 2000 aka ɗauke ta, kowane ɗigonta fili ne mai mita 30, kuma tana iya kuskuren tsayi na mita da yawa. A ƙasar duwatsu wannan ba komai ba ne. A fadamar Rima, inda rabin mita ke raba gonar da ta nutse da wadda ta tsira, ya isa ya ɓata komai. Ba ta ganin gindin gulbi, saman ruwa ko yashi take ɗauka, don haka gulbin da ke cikin kwamfutarki ya fi na gaskiya rashin zurfi, ruwa kaɗan sai ya yi ambaliya. Ba ta kuma san jinga ko kwalbati ko titin da aka ɗaga bayan shekarar ba. Taswirar Copernicus ta fi ta dama-dama, amma ita ma ba ta ɗauke miki zuwa fili ba. Da rani, lokacin da ruwa ya ja, ki samu safiyo ku auna cikin gulbin daga gaɓa zuwa gaɓa a wurare da dama, musamman gaban kowace gada da bayanta, ki shigar da faɗin kafofin gadar da hannu. Titin da ya ratsa fadama zuwa mazaunin jami'arku na dindindin, wanda ambaliyar Satumbar 2010 ta yanke, ga ruwa tamkar madatsa ne mai ƴan kafofi. In babu shi a kwaikwayonki, ba Rima kike kwaikwayo ba.

Sai lambar kaushi ta Manning, wadda ke nuna yadda wuri ke riƙe gudun ruwa. Siminti wajen 0.015 ne, gulbi mai yashi tsaf 0.025 zuwa 0.035, wurin da kacala ta cinye yana kaiwa 0.1. Kada ki ba fadama duka lamba ɗaya. Sannan ki kula da ƙarshen yankinki: a kusa da birni Rima ke haɗuwa da gulbin Sakkwato mai zuwa daga madatsar Bakolori, kuma in ɗaya ya cika yakan tokare ɗayan ruwa ya koma baya. Ki ja iyakar kwaikwayon ta wuce mahaɗar da ƴan kilomita.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Ki zaɓi ambaliyar da ta riga ta faru, ki shiga ƙauyukan bakin gulbi ki nemi dattawa su nuna miki inda ruwa ya tsaya a jikin masallaci ko bishiya ko ƙafar gada, ki ɗauki wurin da GPS ki auna tsayin. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-1 kyauta ne kuma na'urarsa na ganin ruwa ta cikin gajimare, sai dai ya fara aiki ne a 2014, don haka bai ga 2010 ba. Ki riƙa gyara lambobin kaushi har kwaikwayon ya yi kusa da alamomin, sannan ki gwada shi da wata shekarar dabam ba tare da kin taɓa komai ba. In ya ci wannan jarrabawar, sai a fara yarda da shi.

An ce unguwarmu na cikin yankin "ambaliyar shekara ɗari". Tunda an yi babba a 2010, ke nan mun huta sai jikoki? (Wani mai gini daga Kwalkwalawa)

A'a, Alhaji. Ma'anarta ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, ko da ta zo bara. In gidan ya yi shekara 30 a wurin, yiwuwar ya gamu da ita aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100. Ka nemi alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka ɗaga daɓen gidan ya wuce ta da aƙalla rabin mita, ka kuma riƙa sauraron hasashen ambaliya da hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ke fitarwa kowace shekara kafin damina.

Mu a Mabera mun yi karo-karo za mu gina kwata a layinmu. Magini ya ce faɗin ƙafa biyu ya isa. Ta yaya za mu san gaskiya ne? (Sakatariyar wata ƙungiyar unguwa)

Hajiya, ba layinku kaɗai za ku auna ba, duk filin da ruwansa ke gangarowa ta layin za ku auna. Ranar da ake ruwa ku bi shi da ƙafa zuwa sama ku ga daga ina yake tasowa, sannan ku zana wurin a Google Earth ya ba ku faɗinsa. Lissafin injiniyoyi na ƙananan wurare shi ne: faɗin wuri a kadada, sau ƙarfin ruwan sama a milimita cikin awa, sau kason da ke gudu bai nutse ba, a raba da 360. Mu ɗauka kadada 5 ne, ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa, unguwa mai kwano da siminti inda kashi 70 cikin 100 ke gudu. Amsar ita ce kusan kubik mita 0.58, wato lita 580, a kowace daƙiƙa. Kwatar siminti mai faɗin santimita 60 da zurfin 60, mai sauka mita 1 a cikin mita 200, abin da take ɗauka ke nan cif, in ta cika maƙil. Ke nan maganar magini ta yi daidai a kadada 5 amma babu rara, sai a ƙara santimita 15 a tsayi. In filin ya kai kadada 10 kuwa, kun yi asarar siminti.

Irin wannan kwatar in yashi da leda suka cika rabinta, ba rabin ruwa take ɗauka ba, wajen kashi ɗaya cikin uku take ɗauka, domin yashin na rage gudun ma. A Sakkwato iska na kwaso yashi duk rani, saboda haka ku gina ramin tarar yashi mai zurfin rabin mita ƙasa da gindin kwatar duk bayan mita 30 zuwa 50, murfin ya zama mai ɗaguwa, a yashe a watan Mayu da kuma tsakiyar Agusta. Ku duba kwalbatocin ƙofar gidaje, don mutum ɗaya in ya sa ƙaramin bututu a ƙofarsa ya shaƙe layin duka. Kafin a zuba siminti ku je ku ga babbar magudanar da za ku zuba a ciki, in gindinta ya fi naku tudu ruwanta ne zai shigo muku. Rufin gida mai murabba'in mita 150 na zubar da lita 9,000 a ruwan milimita 60, don haka duk gidan da ya sa tanki a bakin indararo ko ya bar wani gefen tsakar gida babu siminti ya rage wa kwatar kaya.

Jama'a na cewa madatsun ruwa ne ke jawo mana ambaliya. Ba gara a riƙa barin ƙofofin a rufe ba? (Daga Silame)

Malam, madatsa kamar randa ce, in ta cika abin da ya shigo dole ya fita, in an hana shi ƙofa zai bi ta kai, kuma madatsar ƙasa in ruwa ya bi ta kanta tana iya ɓallewa gaba ɗaya. Bakolori da aka gama a 1978 na ɗaukar kubik mita miliyan 450, Goronyo da aka gama a 1984 ta haura miliyan 900. A yawancin shekaru rage ambaliya suke yi, har ma bayan gina Bakolori manoman fadamar da ke ƙasa da ita sun rasa ruwan da suka saba noman shinkafa da shi. Wahalar tana wajen lokaci. In an saki ruwa tun Yuli don a bar wuri sai damina ta gaza, noman rani da ruwan famfon birni su shiga uku, kamar yadda Goronyo ta ja baya ƙwarai a ranin 2018. In an riƙe kuma sai malka ta yi ƙarfi a Satumba, a saki da yawa lokaci guda. Ga laka da yashi da ke taruwa a ciki suna rage mata ciki kowace shekara. Abin da ya kamata ku nema ta hannun hakimanku shi ne sanarwa da wuri da kuma ma'auni: sanda mai fenti a ƙafar gada, da mutum ɗaya mai karanta ta safe da yamma yana rubutawa yana kiran ƙauyukan da ke ƙasa.

Mun yanke shawarar yin jinga mu kare gonakin shinkafarmu daga gulbi. Akwai abin lura? Sannan wani farin abu kamar kanwa ya fara fitowa a fangalin albasata da rani. (Wani sarkin noma daga yankin Goronyo)

Ranka ya daɗe, jinga ba ta rage ruwa, tura shi take yi. In kun matse gulbi ta gefenku zai ƙara tsayi ya faɗa wa na tsallake, don haka ku zauna da su tukuna, kuma ku ja jingar baya ku bar wa gulbi fili. A yi ta da laka mai ɗan danshi, a zuba santimita 15 zuwa 20 a daddaɓe kafin a ƙara wani, kada a sa yashi ko ciyawa a ciki. In tsayinta mita 1 ne, kowane gefe ya kwanta mita 2, a dasa jema a jikinta don saiwarta ta riƙe ƙasa. Ramin gafiya ɗaya ya isa ya fasa ta, a riƙa zagayawa. Ruwan saman da ya sauka a bayanta kuma yana bukatar bututu mai marfin da ke buɗewa waje kaɗai, in gulbi ya taso ya danne shi ya rufe. In ta kai ga buhunan yashi, a cika rabi zuwa kashi biyu cikin uku, a jera su kamar tubali, faɗin gindi ya ninka tsayi sau uku. Ku kuma nemi irin FARO 66 ko FARO 67 da aka fitar a 2017, suna jure nutsewa har kusan mako biyu, sai dai a lokacin da shinkafa take ganye ne, in ta fitar da kai ruwa ya rufe ta babu irin da zai cece ta.

Farin abin gishiri ne. Ruwan ƙasa ya matso kusa, zafin rana na jawo shi sama ya bushe ya bar gishirinsa, kuma yawan ban-ruwa ba tare da magudana ba ke kawo haka. Ka kafa bututun roba mai inci biyu, tsawon mita 2, ka huhhuda rabin mitar ƙasa ka naɗe da tsumman gidan sauro, ka riƙa auna ruwan ciki duk mako. In daga saman ƙasa zuwa kan ruwan bai kai mita 1 ba, ka rage ban-ruwa ka yashe magudanar da ta toshe. Bayan ta buɗe sai ka cika fangalin da ruwa mai kyau sau biyu ko uku ya wanke gishirin ya bi ta. In ka yi wankin kafin ka buɗe magudanar, gishirin zai sauka ne ya dawo da zafin Maris.